Tsiron Da Ake Shukawa Domin Ya Mutu: Tarihin Radish A Gona

Kusan kowace shekara, idan hunturu ya ɗan sassauta a wasu yankunan karkara na Amurka, ’yan kwana-kwana kan samu kiran gaggawa daga mutanen da suka haƙiƙance cewa bututun gas ya fashe kusa da gidajensu. A zo da na’urori a auna, a rasa komai. Ashe warin daga gona yake tasowa, inda dubban fararen saiwoyi, wasu sun kai kaurin damtsen mutum, suke ruɓewa a ramukan da suka tsiro bayan sanyi ya kashe su. Mai gonar bai yi asara ba, kuma ba sakaci ya yi ba. Da kuɗinsa ya sayi irin ya shuka, da niyyar ba zai girbe ko ɗaya ba.

Sunan tsiron radish. Ba shi da wani tsohon suna a Hausa, sai dai wanda ya zauna a Sudan ko Saudiyya ya san shi da sunan fijil, mutanen Nijar kuma sukan kira shi da sunansa na Faransanci. Ɗan’uwan kabeji ne, amma saiwarsa ake ci, kamar karas, tana da ɗan yaji mai hawa hanci. Akwai ƙarami ja da ake yankawa a salak, akwai kuma dogo fari na ƙasashen Asiya, wanda shi ne gwarzon wannan labari. Yadda abincin talaka ya rikiɗe ya zama garma, da tarkon tsutsa, da rumbun ajiyar taki, tarihi ne da ya bi ta Jamus da Barazil da Japan kafin ya yi suna a Amurka.

A matsayin abinci dai ya daɗe tare da ɗan Adam. Herodotus, masanin tarihin Girka na ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce tafintansa ya karanta masa wani rubutu a jikin babban dalar Masar, mai cewa an kashe talanti 1,600 na azurfa wajen saya wa leburori radish da albasa da tafarnuwa. Masana da yawa suna shakkar cewa tafintan ya iya karatun ma, ballantana a ce fir’auna zai rubuta kuɗin cefane a jikin kabarinsa. Pliny, marubucin Rum na ƙarni na farko, ya rubuta cewa Misirawa sun fi son shuka radish a kan hatsi saboda ribar man da ake tatsa daga ’ya’yansa. Japanawa kuwa suka mai da shi sana’a: suna kiransa daikon, ma’ana babbar saiwa, suka fitar da irin Sakurajima wanda guda ɗaya kan kai kilo 30, da irin Moriguchi, siriri mai tsawon da ya zarce mita ɗaya. Duk wannan domin tukunya aka yi. Ba wanda ya tuna da ƙasar da saiwar ke hudawa.

Jamusawa sun ba shi aikin da ba na ci ba, kuma sukari ne sanadi. A 1747 wani masanin sinadarai a Berlin, Andreas Marggraf, ya nuna cewa ana iya samun sukari iri ɗaya da na rake daga wata saiwa da ake kira bit. Almajirinsa Franz Achard ya gina masana’antar farko a Silesiya a farkon ƙarni na 19. Da yaƙin Napoleon da Ingila ya toshe hanyar sukarin rake, sai Napoleon ya ba da umarni a 1811 a noma bit a Faransa. Daga baya, noman ya zama babban arziki, musamman a baƙar ƙasar da ke kewayen Magdeburg da Halle. Manoma suka riƙa maimaita shuka ɗaya a gona ɗaya shekara da shekaru, domin masana’anta na jira, kuma kuɗi na shigowa.

Sai gonakin suka fara ƙin ba da amfani. Ganye ya yi yaushi da rana tsaka ko da akwai danshi, saiwa ta tsuke ta yi gemu. Manoma suka raɗa wa abin suna, suka ce ƙasa ce ta gaji da bit, aka yi ta zuba taki ba a ga sauyi ba, har wasu masana’antu suka rufe. A 1859 masanin tsirrai Hermann Schacht ya ga wasu ’yan ƙananan tsutsotsi a jikin jijiyoyin shukar, waɗanda ido bai cika gani ba, aka kuma sa musu sunansa a 1871. Julius Kühn na Jami’ar Halle shi ya tabbatar cewa su ne tushen gajiyar. Halayyar tsutsar ce ta sa ta gagari kowa: idan macen ta mutu, jikinta kan bushe ya zama ’yar jaka mai ɗauke da ɗaruruwan ƙwai, jakar ta zauna cikin ƙasa shekaru tana jira. Ƙwan ba sa ƙyanƙyashewa da yawa sai sun ji ruwan da jijiyar tsiron da suke so take fitarwa.

Kühn ya ga cewa inda ƙarfin tsutsar yake, nan rauninta yake. Ya ce a shuka wani tsiro dangin kabeji wanda tsutsar ke so, a bari ƙwan su ƙyanƙyashe, ’ya’yan su shige jijiya, sannan a kifar da shukar da garma kafin su girma su yi sabon ƙwai. Dabarar ta yi kyau a takarda. A gona kuwa wasa da wuta ce, domin in ruwa ya hana shiga gona, ko aka yi lattin mako guda, tarkon ya zama gidan reno, manomi ya ninka wa kansa annoba da hannunsa. Kusan shekara ɗari aka yi kafin a warware wannan ƙulli. Masu kiwon iri a Jamus suka zaɓo wasu nau’o’in radish mai mai waɗanda jijiyarsu ke kiran tsutsar kamar sauran, amma in ta shiga ba ta samun abincin da zai ishe ta zama mace mai ƙwai. Ta mutu a ciki, ko ta zama namiji marar amfani. Daga shekarun 1980 irin waɗannan suka shiga kasuwa, mafi ƙarfinsu kan rage tsutsar da kusan kashi 90 cikin 100 in yanayi ya yi daidai. Manomin bit na Jamus ya saba shuka radish bayan ya yanke alkama, tun kafin Ba’amurke ya san da zancen.

A ganina wannan babin na Jamus shi ne mafi kyau a duk tarihin, kuma shi aka fi mantawa da shi, wataƙila don ba shi da hoto mai ɗaukar ido. Tsutsar ba ta ganuwa, mutuwarta ma ba ta ganuwa.

Amurka ta zo ta wata hanya dabam. Shuka wani abu don kawai a rufe ƙasa ko a kifar da shi ya zama ɗanyen taki tsohuwar al’ada ce, Rumawa sun yi, Sinawa sun yi, manoman Amurka ma suna yi har zuwa farkon ƙarni na 20. Abin da ya kashe al’adar shi ne takin zamani. Bayan Fritz Haber ya gano yadda ake kamo sinadarin naitirojin daga iska a 1909, Carl Bosch kuma ya mai da shi aikin masana’anta a 1913, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, taki ya yi arha har manomi ya ga babu dalilin ɓata wata uku yana renon ciyawa. Gona ta koma masara bana, waken soya baɗi, tsakaninsu kuma ƙasa tsirara wata shida ko bakwai. A gefe guda, guguwar ƙura ta shekarun 1930, wadda ta kai ƙololuwa ranar 14 ga Afrilu 1935, ta riga ta zubar wa garma mutunci. A watan ne aka kafa hukumar kare ƙasar noma ƙarƙashin Hugh Bennett. A 1943 Edward Faulkner ya wallafa littafinsa Plowman’s Folly yana cewa babu wata hujjar kimiyya da ta sa ake kifar da ƙasa, a 1962 kuma wani manomi a jihar Kentucky, Harry Young, ya shuka masara a fili da bai kai eka ɗaya ba, ba tare da ya yi huɗa ba. Daga nan noman da ba huɗa ya yaɗu.

Wanda ya ajiye garma ya tsira daga zaizaya, amma ya gaji wata matsala. Injuna sai ƙara nauyi suke yi: wani nazari da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa injin girbi cike da hatsi ya tashi daga kimanin tan 4 a 1958 zuwa kimanin tan 36 a 2020. Wannan nauyi kan danne ƙasa can ƙasa da inda bakin garma ke kaiwa, ya bar wani faifai mai tauri kamar daɓe. Ruwa ya zo ya kwanta a kai, jijiyar masara ta zo ta lanƙwashe gefe, fari na mako biyu ya ƙone shuka alhali akwai danshi a ƙarƙashin daɓen. Maganin da aka sani shi ne a ja dogon ƙarfe da babbar tarakta a tsage ƙasar, aikin da ke shan man dizal, kuma sau da yawa tsagar kan koma ta rufe da zarar inji ya sake bi ta kai.

Wasu sun riga sun hango cewa saiwa za ta iya yin wannan aiki. A tsibirin Shikoku na Japan, Masanobu Fukuoka, wanda ya bar aikin binciken cututtukan tsirrai ya koma gonar mahaifinsa, ya riƙa watsa irin daikon a tsakanin itatuwan lemunsa da ke kan tudu mai jar ƙasa mai tauri, yana barin wasu su ruɓe, wasu su zubar da iri su sake fitowa. Ya ba da labarin a littafinsa na 1975, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1978. A jihar Parana ta Barazil kuma, inda Herbert Bartz ya fara noman da ba huɗa a 1972, masu bincike na cibiyar IAPAR tare da Rolf Derpsch da hukumar raya ƙasashe ta Jamus suka gwada tsirrai masu rufe ƙasa iri-iri daga ƙarshen shekarun 1970, radish ya zama cikin waɗanda manoma suka karɓa. Sai dai sanyin Parana bai isa ya kashe shi ba, don haka sukan bi ta kansa da wani gungumen ƙarfe mai wuƙaƙe su kwantar da shi kafin ya yi iri.

Sunan da tsiron ya yi a duniya kuwa ya samo asali ne daga haɗuwar malamin jami’a da manomi. Ray Weil, farfesan ilimin ƙasar noma a Jami’ar Maryland, ɗaya daga cikin marubutan shahararren littafin nan The Nature and Properties of Soils da ɗaliban aikin gona ke karantawa a ƙasashe da yawa, ya fara gwajin dogon radish a 2001. Cikin gonakin da aka yi gwajin har da ta Steve Groff a gundumar Lancaster ta jihar Pennsylvania. Groff ya zaɓi iri mai miƙaƙƙiyar saiwa wanda ba ya saurin fure, ya sa masa sunan kasuwa Tillage Radish, ya shiga yawon taron manoma yana ɗaga saiwa mai tsawon kamu biyu. Hoton ya sayar da irin fiye da duk wani rahoton bincike.

Abin da binciken ya nuna ya ɗan saɓa wa hoton. Ƙatuwar saiwar da ake ɗagawa ba ita ce ke fasa daɓen ba, hasali ma in ta ci karo da wuri mai tauri sama take turo kanta, shi ya sa ake ganin kusan rabinta a waje. Aikin na siririyar jijiyar da ke ƙarshenta ne, wadda kan nutsa mita ɗaya da rabi ko fiye. Masu bincike a Denmak sun bi ta har ƙasa da mita biyu. Tana yin tafiyarta ne a kaka, lokacin da ƙasa ke da laushi saboda danshi, tana kumbura kaɗan a bayan tsininta ta tsage gaba, ta sake kutsawa. Weil da ɗalibarsa Stacey Williams sun binne bututu da ’yar kyamara a ciki, suka ɗauki hoton wuri guda a lokuta dabam-dabam. A sakamakon da suka wallafa a 2004 an ga jijiyar waken soya ta bi ainihin hanyar da jijiyar shukar rufin ta bari bayan ta ruɓe, ta ratsa daɓen a lokacin zafi, sa’ad da ƙasar ta bushe ta yi taurin da ita kaɗai ba za ta iya hudawa ba.

Dalili na biyu da ya sa jihar Maryland ta damu da lamarin ruwa ne. Mashigin tekun Chesapeake, mafi girma irinsa a Amurka, yana karɓar ruwan da ya gangaro daga jihohi shida, ciki har da gonakin da ake zuba wa kashin kaji da na shanu da takin zamani. Naitirojin ɗin da masara ba ta sha ba kan tsiyaye da ruwan hunturu ya shiga rafuka, ya ciyar da gansakuka, gansakukar ta mutu ta shanye iskar da ke cikin ruwa, kifi da ƙaguwa da kawa su rasa numfashi. Tun 1983 wasu daga cikin jihohin suka rattaba hannu kan yarjejeniyar ceto mashigin, a 2010 gwamnatin tarayya ta ƙayyade yawan sinadarin da aka yarda ya shiga, Maryland kuma tana biyan manoma kuɗi a kan kowace eka da suka rufe da shuka a hunturu. Radish da aka shuka a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba kan zuƙo fiye da kilo 100 na naitirojin a kowace hekta cikin wata biyu zuwa uku, daga zurfin da sauran tsirrai ba su kai ba a wannan ɗan lokaci. Ganyensa kuma kan rufe fili ruf, ciyawa ta rasa haske. An daɗe ana zaton yajinsa ne ke kashe ciyawar, amma binciken Yvonne Lawley da Weil ya nuna inuwar ce kawai. Bayan haka sai sanyi ya gama aikin: ’yan darare a maki 4 zuwa 7 ƙasa da sifiri sun isa su kashe shi. Kafin lokacin shuka ya zo, gona ta zama fes, cike da ramuka kamar rariya, ta sha ruwa, ta yi saurin ɗumi, ba feshi ba huɗa.

Ƙididdigar noma ta Amurka ta nuna filin da ake rufewa da irin waɗannan shuke-shuke ya tashi daga eka miliyan 10.3 a 2012 zuwa miliyan 15.4 a 2017, sannan kusan miliyan 18 a 2022. Duk da haka bai kai kashi 5 cikin 100 na ƙasar noman ƙasar ba, abin da masu wa’azin lamarin ba su cika faɗa da ƙarfi ba.

Zumuɗin farko ya jawo alƙawuran da tsiron bai cika ba. An ce wa manoma takin da radish ya adana zai dawo wa masarar baɗi, su rage saye. Masu bincike a Jami’ar Wisconsin ƙarƙashin Matt Ruark suka gwada a wurare da dama, suka wallafa a 2018 cewa ba su ga wani ragi da za a dogara da shi ba. Radish ba wake ba ne, ba ya ƙirƙirar naitirojin, aro yake yi, kuma yana ruɓewa da wuri har abin da ya tara ya iya salwanta kafin masara ta buƙace shi, musamman a ƙasa mai yashi. Saurin ruɓewar kuma na nufin a ƙarshen hunturu ba abin da ya rage a kan ƙasa da zai tare ruwan sama, gona mai gangara ta koma hannun zaizaya. Ba ya jure ƙasa mai kwanciyar ruwa. In an shuka shi a makare, saiwar ba ta wuce fensir. A lambu kuwa, wanda ya sa shi gabanin kabeji ya tara wa kabejin cututtuka da ƙwarin danginsu. Shi ya sa yau manoma da yawa ba sa shuka shi shi kaɗai, sai a gauraye da wani dangin alkama mai jure sanyi wanda zai ci gaba da riƙe ƙasa da taki bayan radish ya mutu.

Mai karatu a Zariya ko Maraɗi zai so ya san ko abin zai yi a wajenmu, tunda mun san fako, mun san gonar da tarakta ta danne. Duk tsarin Maryland ya rataya ne a kan abu biyu da ba mu da su: kaka mai ruwan sama bayan an cire amfani, da sanyin da zai yi kisa kyauta. A nan girbi na zuwa ne tare da ɗaukewar ruwa, kuma hunturunmu, duk tsananinsa, bai kai ya kashe radish ba, sai dai ya ji daɗinsa ya yi fure ya zubar da iri. Ko da ya tsiro, koren ganye a fili cikin Disamba rabon awaki ne da shanu, mai gona ma da kansa zai gwammace ya yanka wa dabbobinsa, kamar yadda ba wanda ke barin harawa ko karmami su ruɓe a gona alhali suna da kasuwa. Aikin huda ƙasa da zuƙo taki daga zurfi a yankinmu itace ke yinsa, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero haske, da kututturan da manoman Maraɗi suka koma rainon tohonsu tun shekarun 1980. Inda radish zai iya samun gurbi shi ne fadama da filayen ban-ruwa irin na Kadawa, ko lambunan Jos masu sanyi, wurin da ruwa ke hannun manomi kuma ana maimaita tumatir da albasa a kan fili ɗaya. Can ma sai manomi ya lissafa kuɗin man injin ban-ruwa na wata biyu a kan shukar da ba zai kai kasuwa ba, sannan ya ɗauki fartanya ya sare ta da kansa kafin ta yi fure.